Idan Maigida Ya Kawo Gyaran Mota Gida

A watan jiya maigidana ya jawo tsohuwar Fijo 504 ta mahaifinsa, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, ya girke ta a farfajiyar gidanmu a Zango, wai sai ya dawo mata da ƙuruciyarta.

Ban hana shi ba. Amma uwargida, ashe fesa fenti shi ne ƙaramin aiki. Sai an kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fes, an cike lotsawa da foti, an goge da sanfefa mai kaushi sannan mai laushi. Wanda ya rufe tsatsa da fenti, damina ɗaya za ta tona masa asiri.

Wajen gugar nan ne hankalina ya tashi. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, ƙurarta kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro da mai ciki. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje.

Cikin ladabi na roƙe shi: a riƙa jiƙa sanfefa da ruwa, ya rufe hanci, aiki kuma sai yara sun tafi Islamiyya. Randa da tukwane na kwashe su zuwa ɗaki. Kayan aikinsa daban nake wanke su, kuma ba ya ɗaukar autarmu sai ya yi wanka.