Bongo Ya Hau Jirgi, Mazari Fa?

Ashe ko a dawa ma akwai 'yan gata da talakawa!

A dazuzzukan tsaunukan Kenya akwai wata dabba mai suna bongo, ɗan'uwan mazo ne, ja mai fararen zane da murɗaɗɗen ƙaho. Farauta da cuta da sarar daji sun ci shi, har waɗanda suka rage a dawa ba su fi ɗari ba. Da duniya ta ji, sai ta yi caa. A 2004 aka ɗauko guda 18 daga gidajen namun daji na Amurka, aka sauke su a gindin Dutsen Kenya. A 2025 aka ƙaro 17, su ma a jirgin sama, manyan gwamnati na tarbarsu kamar alhazai.

Ba ma yi wa bongo hassada. Amma a tsaunukan ƙasar nan akwai wani mazari, ƙwaron nan mai fukafukai huɗu da ke shawagi a bakin rafi, wanda masana suka bayyana a 2005, suka raɗa masa sunan Wangari Maathai, matar da ta sha duka a kan dashen itatuwa. Shi ma yana bakin halaka. Wa ya taɓa yi masa taro? Ba shi da ƙahon da za a kafa a falo, kuma baƙo mai yawon buɗe ido ba zai biya dala don ganinsa ba. Laifinsa ke nan.

Alhali kuwa shi ne mashaidin gaskiya. Bongo na iya rayuwa a bayan shinge shekara da shekaru, ana zuba masa abinci. Tsutsar mazari kuwa a cikin ruwa take girma, ruwan ma sai garai-garai, mai sanyi, mai gudu a inuwar itatuwa. Ranar da aka sare dajin, laka ta cika rafin, zance ya ƙare. Ba wani keji a Amurka da za a koma a ɗauko shi. Ruwan nan kuwa shi ne manomi ke sha a gangare.

A 2001 gwamnatin Kenya ta yanke fiye da hekta 60,000 daga dajin Mau, inda su biyun ke zaune, aka raba wa mutane. A 2021 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta auna jinsin mazari 6,016, ta iske kashi 16 cikin ɗari na fuskantar ƙarewa. Masu ba da kuɗin agaji sun karanta wannan lissafi sarai. Hoton bongo suka sa a bangon rahotonsu.