Da Wasa Ake Gaya Wa Mutum Gaskiya

'Yan'uwa ɗalibai, sau nawa muka koma gida hutu, a Kwarbai ko Ƙofar Doka ko Limancin Kona, muka tarar da wani camfi na cin mutane, muka yi shiru don kada a ce boko ya ɓata mu? Ana hana yaro ƙwai wai kada ya tashi ɓarawo. Jariri na gudawa, a ce haƙori ne, a bar shi har ruwan jikinsa ya ƙare, alhali ruwan gishiri da sukari zai iya cetonsa.

Ra'ayinmu shi ne, maganin wannan yana ga wasan ban dariya na talabijin. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda gida guda ke cika da maƙwabta in za a nuna Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ko Karambana na Kasimu Yero, ɗan Zazzau, wanda ya rasu a 2017. Waɗannan mutane sun shiga gidajen da malamin asibiti bai taɓa wuce zaurensu ba. Dalili kuwa, lacca tana sa mutum ya kare kansa, amma dariya tana sa ya ga wautarsa a jikin wani, ya gyara ba tare da ya ji kunya ba. A Amurka ma an yi irin wannan shiri, Adam Ruins Everything, daga 2015 zuwa 2019, inda mai wasan ke rusa abin da jama'a suka ɗauka gaskiya ne, yana nuna hujjarsa a fuskar talabijin.

Batu kuwa ba mu rasa shi ba. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego a Zariya, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gado mai wuta. Masu bincike na baya sun ƙara da rashin abinci mai gina jiki. Wannan ilimi yana nan cikin littattafan Turanci, kakar da ke dama kunun kuwa ba ta taɓa jin sa ba.

Sai dai akwai sharaɗi biyu. Na farko, kada a mai da kaka da ungozoma da wanzami abin ba'a, domin in aka wulakanta su, za a kashe talabijin, saƙo ya mutu. Na biyu, mu ma 'yan boko a sa mu ciki. Mu ne masu cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi, mu ne masu kiran kowane zazzaɓi taifot ba tare da gwaji ba.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu ta haɗa ɗaliban likitanci da na wasan kwaikwayo a Samaru. Waɗannan su kawo hujja, waɗancan su sa mata gishiri, a fara da wasa guda a kan jego, a nuna shi cikin birni kafin a kai gidan talabijin. In iyayenmu mata suka yi dariya, suka kuma yi tambaya, to mun fara biyan bashin karatun da aka yi mana.