Hayaƙin Bindiga: Abin da kaboyin rediyo ya koya mana game da adalci

 A wannan makon za mu waiwayi wasu wasannin kwaikwayo na rediyo da aka yi a Amurka tun kafin Najeriya ta sami 'yancin kai. Kada ku yi saurin cewa me ya haɗa kifi da kaska, domin tambayar da ke cikinsu tana nan a kasuwanninmu har yau: idan an kama wanda ake zargi da laifi, wa ke da ikon yanke masa hukunci?

Kakanninmu sun san kalmar kaboyi daga gidajen silima, amma asalin kaboyi makiyayi ne mai kiwon shanu a kan doki. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, irin waɗannan makiyaya sun riƙa koro garken shanu daga jihar Texas, tafiyar makonni da yawa, zuwa garuruwan da layin dogo ya kai a jihar Kansas, a loda dabbobin a jirgin ƙasa zuwa manyan birane. Ɗaya daga cikin garuruwan shi ne Dodge City, wanda aka kafa a 1872. Ga kuɗi a hannun mutane, ga baƙi na shigowa kullum, ga hukuma ta yi nisa. Duk wanda ya taɓa ganin cikar kasuwar Jega ya san cewa inda dukiya ta taru, nagari da mugu duk suna hallara.

A 1933 wani gidan rediyo mai suna WXYZ a birnin Detroit ya fara watsa shirin The Lone Ranger. Jarumin shirin yana rufe fuskarsa, yana hawan farin doki mai suna Silver, yana tafe da abokinsa Tonto. Ba ya harbi don ya kashe, sai dai ya kakkaɓe bindigar mugu ya miƙa shi ga hukuma. Yara sun so shi ƙwarai, domin a duniyarsa fari fari ne, baƙi baƙi ne, kuma mai gaskiya ba ya taɓa faɗuwa.

A watan Afrilu na 1952 sai gidan rediyon CBS ya fito da Gunsmoke, wato hayaƙin bindiga, wanda Norman Macdonnell da marubuci John Meston suka ƙirƙira. Ya ci gaba a rediyo har 1961. William Conrad ne ya fito a matsayin Matt Dillon, jami'in tsaron gwamnatin tarayya a Dodge City. Dillon ba irin jarumin farko ba ne. Yakan gaji, yakan ji tsoro, wani lokaci yakan isa wurin bayan aikin gama ya gama. Akwai ranar da zuciyarsa za ta ba shi cewa wane ne ya yi kisa, amma babu shaida, dole ya ƙyale shi. Meston ya ƙi yi wa masu sauraro ƙaryar cewa adalci abu ne mai sauƙi.

Wani yanayi da ake yawan maimaitawa a irin waɗannan wasanni shi ne wannan. An kama mutum bisa zargin kisa ko satar doki, an kulle shi. Da dare jama'ar gari sun taru a ƙofar gidan yari da igiya, suna ihun a fito musu da shi su rataye shi. Jami'i ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a'a, sai alƙali ya zo. Ku lura, waɗanda ya tare ba 'yan fashi ba ne. Maƙwabtansa ne, masu shaguna da manoma, mutanen da aka cuta da gaske kuma ransu ya ɓaci. A ganinmu nan ne jarumtaka ta gaskiya take, domin fuskantar maƙiyi ya fi sauƙi a kan fuskantar naka.

Abubuwa biyu ya kamata ku riƙe. Na farko, garin Dodge City na zahiri yana da dokar da ta hana yawo da bindiga a cikin gari, saɓanin abin da finafinai suke nunawa. Mazauna garin sun gane cewa ciniki ba ya yiwuwa inda kowa ke da makami a ƙugu. Na biyu, ƙasar da ake kira daji marar mai ita a cikin labaran nan tana da masu ita, wato 'yan asalin Amurka waɗanda aka ƙwace wa filaye aka kora. Yawancin labaran kaboyi ba su faɗi wannan da bakin waɗanda abin ya shafa ba. Mai sauraro mai hankali yakan tambayi kansa: muryar wa ce ban ji ba?

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu yin tunani a kan wannan. A 1966 Moustapha Alassane ya shirya fim mai suna Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo daga tafiya da tsarabar kayan kaboyi ga abokansa. Suka sanya huluna, suka ɗauki sunayen Turawa, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu da faɗa da sata. Sun kwaikwayi hula da bindiga, sun bar doka a baya.

Yanzu mu dawo gida. Satar shanu da garkuwa da mutane ba labari ba ne a jiharmu. Ba mu manta da ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da aka sace a watan Yuni na 2021 ba. Don haka fushin jama'a yana da dalili. Amma mun kuma ga inda fushi ke kaiwa idan babu mai tsayawa a bakin ƙofa. A watan Oktoba na 2012 an kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a Aluu bisa zargin sata. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyar komawa gida. Babu alƙalin da ya saurari ko ɗaya daga cikinsu. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. Wannan sashe kai yake karewa ranar da ka zama baƙo a wani gari, wani ya nuna ka ya yi ihun ɓarawo.

Wasan kwaikwayon rediyo kuwa ba baƙonmu ba ne. Iyayenmu sun sha sauraron Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, da Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, a Rediyo Kaduna. To, ga aikin da muke ba ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantunku. Ku rubuta wasa na minti goma. Yaro ya zo kasuwa daga wani ƙauyen Maiyama, an ce ya saci waya a wurin da ake loda buhunan albasar Aliero, jama'a sun kewaye shi. Wa zai tsaya, sarkin kasuwa ne, ko ɗan sanda, ko wata mai sayar da fura? Me zai faɗa har a saurare shi?

Ba ku buƙatar komai sai wayar ɗaukar murya. Ƙoƙo biyu a kife a kan ƙasa za su ba ku sawun doki, murza leda zai ba ku ƙarar wuta, 'yan aji goma za su zama kasuwa guda. Sharaɗinmu ɗaya ne: kada ku sauƙaƙa wa kanku ta hanyar gano wayar a aljihun mai ita. Ku bar yaron ya zama shi ne ya ɗauka da gaske, sannan ku nuna mana dalilin da ya sa duk da haka ofishin 'yan sanda da kotu ne wurinsa, ba taya da fetur ba.

Ku aiko mana da abin da kuka rubuta ta hannun malamanku na Hausa, za mu tattauna waɗanda suka fi ma'ana a wannan fili. Sai mako mai zuwa.