Mu Share Bakin Kanal, Mu Fito da Kekunanmu!

'Yan'uwana na Alaba Rago, Okokomaiko, Iyana Iba da Ojo! 'Yan'uwana na Zangon Agege, Oko-Oba da Idi-Araba! Iyayenmu, malamanmu, 'yan kasuwa, 'yan dako, matasa maza da mata! Ku ba ni aron hankalinku.

Kowa ya san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ke cinye guminmu. Acaɓa da ta rufa wa dubban 'yan'uwanmu asiri an hana ta a manyan sassan Legas. An yi a Fabrairun 2020. An sake a Yunin 2022 a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa. A Satumba aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Kosofe da Shomolu. Babura nawa aka kama aka niƙe a kan idonmu? Wanda ya tsira da abin hawansa kuma gosulo na jiransa a titin Badagry, ga hayaƙi, ga zafi, ga odar direbobi.

To, ga keke! Ba ya shan mai. Ba ya hayaƙi. Faci da famfo da ɗan man sarƙa sun ishe shi. Da keke iyayenmu suka ci kasuwannin ƙauye. Da keke malaman makaranta suka je aji. Da keken haya yawancinmu muka koyi hawa, muka faɗi, muka tashi, muka sake hawa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Za ku ce: ina hanya? Gaskiyarku. Babu uwar da za ta saki ɗanta a tsakanin tirela da danfo. Babu uban da zai yarda 'yarsa ta bi babban titi a kan keke da jakar makaranta a baya. Amma hanya tana nan a bayan gidajenmu. Mun rufe ta da shara ne kawai. Ita ce bakin kanal.

Ku ji yadda wasu suka yi da nasu. A kudancin Faransa akwai wata hanyar ruwa da mutane suka haƙa da hannu, ana ce mata Canal du Midi. Tsawonta kilomita 240, daga birnin Tulus zuwa gaɓar Bahar Rum. An buɗe ta a 1681. A gefenta aka bar siririyar hanya domin dawakin da ke jan jiragen kaya. Zamani ya juya, jirgin ƙasa ya karɓe dako, dawaki suka tafi. Mutanen ba su mai da wurin juji ba. Suka bar itatuwa, suka kula da hanyar, suka hana motoci cinkoso a kanta. Yau mutum zai wuni yana taka feda a inuwa, ruwa a hannun dama, gonakin inabi a hannun hagu, ba mai danna masa oda. Tsoho na hawa, jika na biye. Baƙi na zuwa daga ƙasashe da kuɗinsu. Mai masauki ya samu, mai abinci ya samu, mai gyaran keke ya samu. A 1996 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya.

Kada wani ya ce wannan sai Turawa. A Bogota, babban birnin Kolombiya, tun 1974 suka fara rufe tituna domin masu keke. Yanzu kowace Lahadi ana rufe fiye da kilomita 100 daga safe zuwa azahar. A Kigali ta Ruwanda, nan Afirka, tun 2016 suke ware ranar da motoci ke hutawa, jama'a su fito. Mu ma a gida mun san abin. Wanda ya taɓa zuwa Kadawa ko Kura ya ga manoma a kan kekuna suna bin gefen hanyoyin ruwan da ke fitowa daga dam ɗin Tiga. Inabin ma muna da shi: ku tambayi mutanen Kudan, kusa da Zariya. Ruwa muna da shi. Ƙafafu muna da su. Me ya rage?

Haɗin kai ya rage, kuma lokacin yanzu ne. Ma'aikatar muhalli ta jihar Legas tana rushe gine-ginen da suka hau kan magudanan ruwa. Abin ya taɓa mutane da yawa, har da namu, Allah Ya mayar musu da alheri. Amma duk filin da aka buɗe a bakin kanal, in muka yi shiru, gobe zai zama juji ko tashar mota. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Mu nemi a mai da shi hanyar ƙafa da keke, wadda mota ba ta shiga, babur ba ya shiga. Jihar tana da rubutaccen tsari na kula da masu tafiya a ƙasa da masu keke. Tun 2022 ake yin ranar hutun motoci a Legas. Jirgin Red Line na tsayawa a Agege. Blue Line da ya fara jigila daga Marina zuwa Mile 2 a 2023 ana aikin jawo shi Okokomaiko. Hanyar keke ce za ta kai talaka tashar jirgi ba tare da ya biya kuɗin mota sau biyu ba.

Saboda haka kowa ya ɗauki nasa.

Uwar gida, daga yau kada a aiki yaro da shara bakin kanal. Leda, robar ruwa, robar abinci, duk a tara wa motar kwashe shara ta LAWMA. Sharar da muka zuba da rani ita ke dawo mana cikin ɗaki da damina, ta zo da sauro da zazzaɓi.

'Yan kasuwa, kowace Alhamis da safe muna share kasuwa. Mu ƙara taku kaɗan. Mu kai tsintsiya da shebur da manjagara bakin ruwa. Masu raguna da mahauta, a killace kashin dabbobi da jini, kada su gangara magudana.

Matasa, ku ne ƙarfinmu. Ku auna hanyar da ƙafa. Ina ta toshe? Ina ake buƙatar gada? Ina ake buƙatar fitila? Ku rubuta, ku ɗauki hoto, ku kawo wa manya.

Malam mai gyaran keke, buɗe akwatinka. Ɗauki yara biyu ka koya musu ɗaure birki da gyaran waya da faci. Sana'a ce, kuma kasuwarta na tafe.

Alhaji, tsohon keken nan da ke jingine a bayan shago, fito da shi. A sa masa taya, a sa masa ƙararrawa, a ba maraya ya je makaranta.

Malamanmu da limamanmu, ku faɗa a kan mumbari. Kun koya mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Ga hanya, ga abin cutarwa, ga lada.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, ku shige mana gaba. Ku gayyato maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo, domin ruwa in ya tashi ba ya tambayar ƙabila. A rubuta takarda ɗaya, kowa ya sa hannu. A kai wa kansila. A kai sakatariyar Ojo da ta Agege. A kai wa hukumar sufuri ta LAMATA. A kai wa 'yan majalisarmu a Alausa. Buƙatunmu huɗu ne: a yashe kanal, a shimfiɗa hanya a gefensa, a sa shinge da fitila, a yi wurin ajiye keke a tashar jirgi da ƙofar kasuwa. In an yi shiru, mu koma. In an sake shiru, mu sake komawa, cikin ladabi da bin doka.

Kada mu jira a gama kafin mu fara. Mu zaɓi guntu ɗaya, ko da mita 500 ne. Mu share shi. Mu dasa itatuwa. Mu tsare shi. Yaro ya sa hular kwano, manya su tsaya a bakin ruwa su kula. Ranar 3 ga Yuni ce ranar keke ta duniya. Ranar 22 ga Satumba ce ranar hutun motoci. Mu cika su da ƙararrawa!

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka gaya wa maƙwabcinka yau. Ki gaya wa ƙawarki yau. Asabar mai zuwa, bayan sallar asuba, mu haɗu a bakin kanal mafi kusa da mu. Mai shebur ya zo da shebur. Mai baro ya zo da baro. Mai keke ya zo da keke. Wanda ba shi da komai ya zo da hannunsa.

Mu fito! Mu share! Mu hau! Allah Ya dafa mana.