MAI SA MATA TAKABA

 Yau kam maganar mota na zo mu yi, kuma na san wata za ta ce to ni ina ruwana da mota, ni da ko keke ban iya ba? Yi haƙuri 'yar'uwa, gyara zama ki saurare ni, domin maganar nan ta fi shafar mu fiye da mazan da suke riƙe da sitiyarin.

Abin da ya tayar mini da zancen shi ne, kwanakin baya na je bikin 'yar wata ƙawata, muna zaune ana jiran motocin ɗaukar amarya sai muka ji wata irin ƙara kamar za a tsaga ƙasa. Kafin a ce kwabo 'yan matan nan duk sun yi ƙofar gida, wata ko takalmi babu. Ashe wani abokin ango ne ya zo da wata 'yar mota ja mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa, yana ta juyi da ita a filin da yara suke wasa, ƙura ta turnuƙe, taya na hayaƙi. Sai guɗa sai shewa, kowacce ta ɗaga waya tana ɗauka. Can wata yarinya da ba ta fi shekara 18 ba ta dawo tana haki ta ce da ni, "Anti, wallahi ni in ba mai irin wannan motar ba gara na yi ta zama a gidanmu."

Na dube ta na ce, "'Yar nan, kin san laƙabin da Turawa da kansu suka yi wa ɗaya daga cikin kakannin motocin nan?" Ta ce a'a. Na ce, "Mai Sa Mata Takaba." Sai ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗauka zolaya nake yi. To wallahi ba zolaya ba ce.

A shekarar 1975 kamfanin Porsche da ke birnin Stuttgart na ƙasar Jamus ya fara sayar da wata mota mai suna 911 Turbo, mai ƙarfin doki 260, wadda take gudun kilomita 250 a awa guda. Sirrin gudunta wani ɗan ƙarfe ne da ake kira turbo. In kin taɓa wucewa ta maƙera kin ga yadda yaron maƙeri yake zuga zugazugi wuta tana tashi, to kin gane turbo. Hayaƙin da inji yake fitarwa, kafin ya fice ta salansa, shi ne yake juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta wadda take ɗura iska cikin inji da ƙarfi. Iska ta ƙaru, fetur ya ƙaru, wuta ta ƙaru, ƙaramin inji ya koma yana aikin babba. Dabarar tsohuwa ce, tun 1905 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi rajistarta.

Matsalar wannan mota ita ce, in direba ya taka totur ba ta amsawa nan take, sai ta yi shiru kamar ba ta ji ba har fankar ta ɗauki juyi, sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar ingarman da aka zabga wa bulala. Ga shi kuma injinta a baya yake, nauyi duk yana can. In ƙarfin nan ya zo wa mutum a tsakiyar kwana, sai bayan motar ya juyo gaba, sai dai a kwashe shi. Masu kuɗin da suka saye ta don burgewa ba su san halinta ba, ta dinga hallaka su, shi ne aka laƙaba mata sunan mai mayar da matan aure gwauraye.

To ke a tunaninki bayan wannan suna ai kasuwar irin motocin nan ta mutu ko? Ina! Sunan ma shi ya zama talla. Wadda kamfanin ya fitar a 2020 mai suna 911 Turbo S ƙarfin doki 650 gare ta, tana gudun kilomita 330, kuma daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 ba ta cika daƙiƙa 3. Kafin ki gama cewa "Innalillahi" ta kai. A 2023 kaɗai Porsche ta sayar da ƙirar 911 guda 50,146. A wannan shekara kamfanin Ferrari na Italiya ya sayar da mota 13,663, shi kuma Lamborghini ya sayar da 10,112, karo na farko a tarihinsa da ya haura dubu goma, alhali a 2017 guda 3,815 kacal ya sayar. Ki tuna fa 2023 ita ce shekarar da aka cire tallafin fetur a Nijeriya, muka koma lissafin kuɗin adaidaita sahu kafin mu je gaida mara lafiya. Duniya ke nan, wani na neman na koko wani na layin sayen mota mai kujera biyu.

Amma ki ƙara duba lissafin nan da kyau, akwai abin lura a ciki. Daga cikin motoci 320,221 da Porsche ta sayar a 2023, fiye da rabi manyan jif-jif ne, Cayenne guda 87,553, Macan guda 87,355. Haka Lamborghini, cikin dubu gomar nan 6,087 jif ce mai suna Urus wadda aka fara sayarwa a 2018. Su kuwa motocin gudu masu ɗan dama-daman kuɗi suna ta ƙarewa, Audi ta daina ƙera TT a 2023, Nissan ta Japan ta daina ƙera GT-R a 2025. Na san akwai dokokin hayaƙi da tsufan ƙira a cikin dalilan, amma ni abin da na karanta a wannan lissafi shi ne, ba gudu ake saye ba, suna ake saye, kallo ake saye. Mai kuɗi ya gane mota mai ƙofa biyu ba ta ɗaukar iyali, amma ba ya son ya rasa kallon jama'a, sai kamfani ya ce kwantar da hankalinka, ya ɗauko injin tsere ya dasa a motar iyali. Ita Urus ta 2018 turbo biyu gare ta, ƙarfin doki 650, gudun kilomita 305, nauyinta ya haura tan 2. Da can mutum shi kaɗai yake shiga motar gangancinsa, yanzu kuwa an yi wa matarsa da 'ya'yansa kujera a baya.

To wai shin kallon wa ake saye da waɗannan maƙudan kuɗi? Mu faɗa wa kanmu gaskiya ko da ɗaci, kallonmu ne. Saurayin nan da ya tayar da ƙura a wurin biki, da a ce 'yan matan sun ci gaba da hirarsu ba wadda ta ɗaga kai, da zagaye ɗaya zai yi ya kashe motarsa ya nemi wuri ya zauna. Guɗarmu ita ce turbonsa, mu muke zuga shi. Har marubutanmu ba su tsira ba, da wuya ki buɗe littafin soyayya ki ga saurayin kirki ya zo zance a ƙafa, dole sai dalleliyar mota ta faka a ƙofar gida, ƙamshi ya riga shi fitowa. Yarinya ta tashi da wannan hoto a kanta, malamin makaranta mai mutunci ya zo ta ce ba ta nan, mai ƙarar salansa ya yi hon sau ɗaya ta fito har tana tuntuɓe. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Su Jamusawan da suka ƙera ta ko ba komai suna da inda za su gwada ta. Suna da manyan titunan da ake kira Autobahn waɗanda a wasu sassansu babu iyakar gudu, suna da filin tsere irin Nürburgring inda mutum zai biya kuɗi ya je ya yi haukansa ba akuya ba ɗan talla. Mu fa? A Nijeriya iyakar gudun ƙaramar mota a babban titi kilomita 100 ne, a cikin gari kuwa 50. Wanda ya shigo da motar da aka ƙera don gudun 300, ɗayan biyu ne, ko dai ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa amfani da shi ba, wannan almubazzaranci ne, ko kuma zai yi amfani da shi a titin da ke cike da ramuka da almajirai da 'yan makaranta, wannan kuwa ganganci ne da rayukan bayin Allah. Ki zaɓa wa kanki wanne kike so ya zama uban 'ya'yanki.

Kuma lissafin gudu ba ya sanin ɗan wane. Motar da take gudun kilomita 200 tana cinye kusan mita 56 a daƙiƙa ɗaya, wato fiye da rabin filin ƙwallo kafin direba ya ƙifta ido. In gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki yake buƙata kafin mota ta tsaya tana ninkawa sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ƙannenmu ne fa, 'ya'yanmu ne, samarinku ne.

Wadda take da miji ko ƙane mai kallon ƙwallo ta ji labarin Diogo Jota, ɗan ƙasar Fotugal da yake buga wa Liverpool. Ranar 22 ga Yuni 2025 aka ɗaura masa aure da uwar 'ya'yansa uku. Ranar 3 ga Yuli, kwana 11 kacal, yana tafe da ƙanensa cikin Lamborghini a ƙasar Sifaniya, taya ta fashe suna ƙoƙarin wuce wata mota, suka kauce hanya, wuta ta kama, duka biyun suka rasu. Shekararsa 28. Ba na kawo labarin don in zargi mamaci ba, na kawo ne don yarinyar nan ta wurin biki da ire-irenta su ji cewa tsadar mota ba ta hana amarya zama bazawara tun lalle bai goge ba.

Na san za a ce, "Hajiya, hassada ce kawai, kuɗinsa ne, ya sayi abin da ransa yake so." Na yarda kuɗinsa ne, amma titin ba nasa ba ne, yaran da ke tsallakawa ba nasa ba ne. Wani kuma zai ce ai mutuwa lokaci ce, ko a kan gado kake sai ta zo. Haka ne, amma ban taɓa ganin mai wannan magana ya bar ɗansa yana wasa a bakin rijiya ba. Wata ma za ta ce motocin yanzu ba irin na 1975 ba ne, an gyara su. Gaskiya ne an gyara, an sa musu kwamfuta mai hana santsi da jakar iska, kuma shi kansa turbo ba abin ƙi ba ne, yana cikin tirelolin da suke kawo mana hatsi, yana cikin ƙananan motoci da yawa don rage shan mai. An gyara ƙarfe, amma wa ya gyara zuciyar saurayin da yake son a kalle shi?

Don haka 'yar'uwa budurwa, in mai neman ki ya zo da mota, kar ki tsaya kallon fenti, ki kalli yadda yake shigowa layinku. In yana rage gudu saboda yara, yana haƙuri da mai kura da ɗan acaba, to akwai alamar zai yi haƙuri da ke. In kuwa sai kaji sun watse tsofaffi sun maƙale a bango, to haka zai tuƙa gidansa. Ke kuma uwargida, in kina gaban mota maigida ya fara taka totur, kar ki yi shiru don kunya ko don kar a ce ke baƙauyiya ce, ki tausasa murya ki ce, "Abban yara, don Allah a sassauta, sannu ba ta hana zuwa." Ranar da ɗanki ya fara naci a ba shi makulli yana jin kansa direban tsere, ki zama ta farko da za ta hana. Sannan in an tashi bikin 'yarki, ki aika wa gidan ango tun da wuri cewa ba a yarda da wasan mota ba.

Kamfanonin nan za su ci gaba da ƙirga ribarsu duk ƙarshen shekara, wannan ba mu da iko a kai. Amma guɗa tamu ce, shewa tamu ce, muna iya hana su. Domin ranar da abin ya faru, kamfani ba ya zuwa gaisuwa, 'yan matan da suka ɗauki hoto sun koma bikin gaba, ke ce za ki zauna a ɗaki wata huɗu da kwana goma, marayu suna tambayarki yaushe Abba zai dawo.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyaye mana mazajenmu da 'ya'yanmu, Ya sa mu gama lafiya, amin.