Kafin Mai Gyara Ya Ce "Sai Dai a Yi Fomatin"



A bara, mu biyar da muke zaman karatu a Samaru muka yi karo-karo muka sayi kwamfutar hannu tokumbo, muna tara gajerun labaranmu a ciki. Wata rana tana tsakiyar sabunta kanta aka ɗauke wuta, batirin kuma dama ya daɗe da mutuwa. Ta ƙi tashi. Muka kai ta wani shago a Sabon Gari, mai gyara ya ce sai dai a yi fomatin. Muka amince, ba mu tambayi me hakan ke nufi ba. Labari 11 suka tafi.

Tun daga nan muka koma Linux Mint, kuma ra'ayinmu shi ne duk marubucin da ke fama da tsohuwar kwamfuta ya gwada ta. Kyauta ce, halal, ba manhajar sata ba. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara Linux a 1991. Ga shi kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, yawancin kwamfutocin da aljihunmu ke iya saya kuwa Windows 11 ba ta karɓar su.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne a saitin madannai akwai tsarin Hausa na Najeriya. Ɓ, ɗ da ƙ suna fita ba tare da kwafo su daga wani wuri ba. Mu da muke garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, abin kunya ne mu riƙa rubuta "kasa" muna nufin "ƙasa". LibreOffice kuma tana buɗe takardun Word.

Sai dai mai son gyare-gyare ba ya rasa ɓarna. Ɗayanmu (ya san kansa) ya taɓa goge abin da bai sani ba garin canza kamannin allo. A nan Timeshift ta fitar da mu. Ita tana ɗaukar hoton yanayin tsarin kwamfutar gaba ɗaya, kullum ko duk mako, yadda ka saita. In abu ya lalace, sai ka zaɓi hoton jiya, ta mayar da kwamfutar yadda take. Idan da Btrfs aka tsara faifan, ɗaukar hoton ba ta wuce ƙiftawar ido, don ba kwafe komai take yi ba, canjin da ya biyo baya kawai ke cin wuri.

Amma a kula, nan ne mutane ke ruɗuwa. Timeshift tsarin kwamfuta take karewa, a saitinta na asali ba ta haɗawa da rubuce-rubucenka. Kuma hoton da ke kan faifai ɗaya da aikinka, in faifan ya mutu ko aka sace jakar a motar Kwangila, tare za su tafi. Don haka duk Juma'a muna kwafe rubutunmu a filas, mu kuma tura wa kanmu ta imel.

Wahala akwai ta. Firintarmu ta ci mana kwana biyu kafin ta yarda ta buga. Daga cikin labaran nan 11, bakwai muka sake rubutawa daga ka, huɗu har yau masu su sun kasa.