Uwar da Ta Ƙi Yarda Ɗanta Ya Mutu

In aka ce Indiya, fim da rawa ne ke faɗo mana a rai. Amma suna da wani tsohon labari, tun zamanin Buda, wajen shekara 2,500 ke nan, wanda ya san zuciyar mai makoki ƙwarai.

A garin Sawatti, arewacin Indiya, an yi wata mata, Kisa Gotami. (Kada sunan ya firgita ku, a harshen Pali "kisa" ramammiya yake nufi.) Ɗanta ɗaya tilo ya rasu yana ƙarami, ita kuwa ta ƙi yarda. Ta rungumi gawar tana bin gari tana neman magani, mutane na cewa ta zautu. Da aka tura ta wurin Buda, bai ce mata yaro ya mutu ba. Sai ya ce ta samo ƙwayar mastad, wani ɗan iri kamar riɗi da kowane gida ke girki da shi, amma daga gidan da ba a taɓa yin mutuwa ba.

Duk ƙofar da ta shiga, iri akwai. Sai dai wannan ta rasa miji, wancan uwa, waccan ɗiya. A haka gaskiya ta sauka a zuciyarta, ta je ta aje gawar da hannunta.

Ba addinin Buda muke tallatawa ba, dabarar muke dubawa. Wani zai ce ai yaudara ce, ya sa mata rai a banza. Mu ba mu ga haka ba. Garin duka ya riga ya faɗa mata gaskiya, ba ta shiga ba, don kunnen da baƙin ciki ya toshe ba ya jin hujja. Shi ya ba ta aikin yi, ya kai ta gaban mutanen da suka sha irin abin da ta sha, kowa ya ambaci mamacinsa. Likitocin ƙwaƙwalwa na yau ma suna tara masu makoki wuri guda don su ji juna.

To, mu fa? "Sai haƙuri" magana ce mai kyau, wallahi. Amma sau nawa muke faɗinta don mu rufe bakin mai kuka? Ana sadakar bakwai, a naɗe tabarmi, kowa ya watse, a bar uwa da kayan yaro cikin ɗaki. In maƙwabciya ta taɓa rasa nata, ranar ce ya kamata ta shiga, ta zauna, ta ba ta labarinsa.